Liriyofi a Harabar Gida: Tambayoyin da Masu Dashe a Jos Suka Fi Yi

Waɗannan tambayoyi su ne suke ta dawowa daga masu gida, matan gida da masu kula da harabar makaranta ko masallaci a Jos da kewaye, waɗanda suka ji labarin wata shuka mai kama da ciyawa da ba ta ba da wahala. Na farko-farko na wanda bai saya ba ne, na ƙarshe-ƙarshe na wanda ya dasa ya fara ganin matsala.

1. Mece ce liriyofi? Ciyawa ce ko fulawa?

A ido ciyawa ce: dogayen ganye sirara, kore shar, suna fitowa daga gindi ɗaya suna lanƙwasowa gefe. Amma masana tsirrai ba su sa ta cikin dangin ciyawa ba. 'Yar'uwar moɗa ce, kuma asalinta gabashin Asiya, wato ƙasashen Sin, Japan da Koriya, inda take fitowa a ƙarƙashin itatuwan daji. Ganyenta ba ya kakkaɓewa da rani, tana kuma fitar da zangarniyar fure mai launin shuni, wani irin kuma fari, daga baya ta yi 'ya'ya baƙaƙe masu sheƙi. Wanda zai neme ta a intanet ya rubuta Liriope, ko lily turf, ko monkey grass, sunan da mutanen kudancin Amurka suka fi kiranta da shi.

2. An ce iri biyu ce. Wanne zan saya?

Wannan ce tambayar da ta fi kowacce nauyi, domin kuskuren da aka yi a nan sai an yi shekaru ana biyansa. Iri na farko, Liriope muscari, a dunƙule take zama. Inda ka ajiye ta nan za ka same ta, sai dai gindin ya riƙa faɗi a hankali shekara bayan shekara. Tsayinta santimita 30 zuwa 45, faɗin ganyenta kamar santimita 1 ko ya ɗan ɗara, furenta kuma yana miƙewa ya fito fili. Ita ce ta bakin hanya, gefen intalok, kewayen gindin bishiya da gaban baranda.

Iri na biyu, Liriope spicata, mai rarrafe ce. Tana tura saiwa a kwance ta ƙarƙashin ƙasa, ta ɓullo a can gefe, daga can ma ta sake turawa. Ganyenta ya fi siranta, furenta ya fi kodewa kuma yakan maƙale cikin ganye. Tana rufe fili da sauri, abin da ya sa take da amfani a gangare (tambaya ta 18), amma idan aka sa ta kusa da wardi ko kwamin kayan miya sai ta mamaye su. A wasu sassan Amurka har an sa ta cikin jerin tsirrai masu mamaye daji.

Ga mai gida mai ƙaramar haraba, mai dunƙulewa ce zaɓi, babu ja. A cikinta akwai Big Blue mai kore zalla, wadda ta fi yaɗuwa, da Variegata mai ratsin fari-rawaya a bakin ganye, da Monroe White mai farin fure wadda ba ta son rana. Evergreen Giant doguwa ce, tana kai santimita 60 har ta wuce, don haka ta yi wa gefen ƙaramar hanya yawa.

3. Masu sayar da fulawa ba sa rubuta suna a jikin leda. Ta yaya zan gane abin da ake ba ni?

Saiwa ce shaida. Ka ce wa mai sayarwa, "Malam, yaga mini leda ɗaya in gani," ka biya kuɗinta idan ya nuna damuwa. Mai dunƙulewa za ka ga duk ganyen daga wuri guda suke, saiwar kuma ta nufi ƙasa. Mai rarrafe za ka ga farar jijiya a kwance ta nufi bangon leda, wani lokaci har da ɗan tsiro a bakinta. Dukansu biyu suna da ƙananan kumburi a jikin saiwa masu girman ƙwayar gyaɗa. Ba cuta ba ce, ma'ajiyar ruwa da abinci ce, kuma ita ke sa shukar jure fari.

Akwai kuma masu kama da ita. Idan ka ga wani abu mai kama da albasa a ƙasa, wannan fulawar nan ce mai buɗewa bayan an yi ruwa, ba liriyofi ba. Idan ganyen mai ratsin fari ne, mai laushi, kuma shukar tana jefo dogayen sanduna ɗauke da 'yan jarirai a baki, ita ma wata ce daban, Chlorophytum, kuma ba ta kai liriyofi juriya a waje ba. Wadda ta fi rikita mutane ita ce mondo, ko Ophiopogon: gajera ce, ganyenta siriri ƙwarai, furenta a ɓoye, 'ya'yanta shuɗɗa ne maimakon baƙaƙe. Idan mondo aka ba ka ba a cuce ka ba, kulawarsu kusan ɗaya ce, sai dai ta fi son inuwa kuma ta fi jinkirin rufe wuri.

4. Yanayin Jos ya dace da ita? Idan na kai ta gidana na Abuja fa?

Jos na zaune a tudu mai tsayin kusan mita 1,200, zafinta bai cika tsananta ba, kuma wannan ya yi wa liriyofi daɗi. Sanyin Disamba da Janairu da ke sa mu hura gawayi ba komai ba ne a wurinta, shuka ce da ke kwana cikin dusar ƙanƙara a ƙasashenta. Abin lura a nan biyu ne: busasshiyar iskar hunturu mai ƙona bakin ganye, da ruwan Yuli da Agusta mai kwanciya a gindi. Na biyun ya fi kisa (tambaya ta 13).

Abuja ƙasa-ƙasa take, kuma daga Fabrairu zuwa Afrilu zafi yakan haura digiri 35. A can kada a sa ta inda ranar la'asar ke dukan katanga ko intalok, domin siminti yana mayar da zafin kan ganye. Gabashin gini ko ƙarƙashin bishiya ya fi.

5. Rana take so ko inuwa? Ƙarƙashin mangwarona babu abin da ke fitowa.

Mafi kyawun wuri shi ne mai samun ranar safe da inuwar yamma. A Jos tana ɗaukar rana sosai idan tana samun ruwa. A inuwa mai duhu ma ba ta mutuwa, sai dai ganyen ya yi tsawo, ya yi duhu, girma ya ragu, fure kuma ya yi wuya. Masu ratsi suna bukatar ɗan haske kafin ratsin ya fito da kyau.

Ƙarƙashin mangwaro, gwaiba ko darbejiya na daga wuraren da ta fi amfani, tunda ciyawar fili ba ta yi a can. A rage ƙananan rassa haske ya shigo, a kuma riƙa kwashe busasshen ganyen mangwaro kada ya binne ta. Itacen turare, wanda ya cika Jos, shi ne mai wuyar sha'ani: yana zuƙe ruwan saman ƙasa, don haka duk abin da aka dasa a gindinsa sai an ninka masa ban-ruwa da rani.

6. Ƙasar gidana ja ce, ga tsakuwa, ga ɓaraguzan gini. Sai na sayo baƙar ƙasa?

Ba lallai ba ne a sayo tifa. Liriyofi ba ta da tsirfa kan ƙasa, abu ɗaya take nema: ruwa ya wuce. A kwashe ɓaraguzan bulo da busasshen siminti, a kafce wurin zurfin santimita 20 zuwa 25, a gauraya da ruɓaɓɓen taki. Kafin dashe a haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya, a cika shi da ruwa da yamma. Idan gari ya waye da sauran ruwa a ciki, wurin yana riƙe ruwa, sai a tada kunya ko a ɗaga kwamin sama da sauran fili. Haka ma a duba inda ruwan indararo ke zuba, kada a dasa daidai nan.

7. Yaushe ake dasawa, kuma ta yaya?

Idan damina ta kankama, wajen Mayu zuwa farkon Yuni. Ruwan farko na Afrilu yakan yaudari mutum, a yi sau ɗaya sannan a ɗauke na mako biyu. Dashen Mayu yana ba saiwa wata biyar ta kama ƙasa kafin ruwa ya janye a Oktoba. Dashen rani yana yiwuwa ga mai rijiya ko burtsatse, amma ga mai sayen ruwan 'yan ga-ruwa asara ce.

Wajen dashen, ido a kan wuya, wato inda ganye ya haɗu da saiwa. Ya zauna daidai da fuskar ƙasa, yadda yake a cikin leda. Masu aikin lambu da suka saba da dashen tumatir sukan zurfafa su kuma tara ƙasa a gindi, ita kuwa wannan ba ta son haka ko kaɗan. Idan saiwa ta nannaɗe a leda a warware ta da yatsu, a danna ƙasa, a ba da ruwa nan take.

8. Guda nawa zan saya?

Tazarar santimita 30 ita ce tsaka-tsaki. Layi mai tsawon mita 10 zai ci kusan 34, fili kuma kusan 11 a kowace murabba'in mita. Da tazarar 40 lissafin fili yana sauka zuwa 6, amma za a daɗe ana kallon ƙasa a tsakani, ana kuma cirar ciyawa. Dabarar masu tattali ita ce sayen manyan dunƙule kaɗan a rarraba su a gida (tambaya ta 16).

9. Da gaske ne ba ta bukatar ban-ruwa?

Rabin gaskiya ce, kuma masu sayarwa rabin nan suke faɗa. Liriyofin da ta shekara ta kafu tana jure fari. Sabon dashe kuwa ba ya jurewa. Makonni uku na farko kada ƙasa ta bushe. Ranin farko, daga Nuwamba zuwa Maris, a ba ta ruwa sau biyu a mako. Daga shekara ta biyu sau ɗaya a mako ya isa a inuwa, amma a ba ta ta ƙoshi, ruwan ya shiga ƙasa, ba yayyafin sama-sama kullum ba. Da safe ake bayarwa, a gindi, ba a kan ganye ba.

Wanda ya bar ta duk rani babu ɗigo zai iya samunta da rai idan ruwa ya sauka, amma wata biyar zai yi yana kallon busasshen baki da ƙura. Ruwan alwala yana da kyau idan aka tara aka rarraba shi, sai dai kada a dasa ta daidai wurin alwalar, inda ƙasa ba ta bushewa. Ruwan wanki mai sabulu da bilic kuwa a kai shi wani wuri.

10. Wane taki zan sa?

Kaɗan, sau ɗaya a shekara, farkon damina. Ruɓaɓɓen kashin shanu ko na kaji, ko cikin tafin hannu ɗaya na NPK 15-15-15 a kowace murabba'in mita, a barbaɗa tsakanin layi kada ya faɗa cikin wuya. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona ta.

11. Zan iya maye ciyawar tsakar gida da ita, yara su yi ƙwallo a kai?

A'a. Ba ta jure taku. Ƙafa ɗaya jifa-jifa ba komai, amma inda ake bi kullum ganye yana karyewa, gindi ya mutu, ya bar rami. Ba a shimfiɗa tabarma a kanta, ba a kafa rumfar biki, ba a ajiye mota. Shuka ce ta kallo. Inda dole a ratsa, a jera duwatsu masu faɗi, abin da ba a rasawa a Jos, a dasa ta a tsakaninsu.

12. Ina da yara ƙanana da kaji, kuma muna ɗaure ragon layya a tsakar gida. Ga tsoron maciji da sauro.

Hajiya, mu fara da macijin. Liriyofi ba ta kiransa, amma duk wuri mai duhu da sanyi maɓoya ce, kuma gidan da ke jingine da duwatsu ko gona ya fi zama cikin haɗari. Ki tsaya a kan siririn layi maimakon babban fili, ki bar tazara tsakaninta da bangon ɗaki, kada ki tara itace ko bulo kusa, kuma a toshe ramukan ɓera. Sauro kuwa a ruwa mai kwanciya yake haihuwa, ba a ganye ba, ko da yake yana iya fakewa a ciki da rana.

'Ya'yanta masu sheƙi suna jan hankalin yara, kuma ba abinci ba ne. Ki yanke zangarniyar da zarar fure ya bushe, shi ke nan. Gaskiya ne masu maganin gargajiya a Sin da Koriya suna amfani da kumburin saiwar wasu daga cikin dangin, amma wannan ba dalili ba ne na jiƙa ta gida a sha. Kaji suna tone sabon dashe, sai a kare shi da ƙaya ko raga na wata biyu. Rago da akuya kuwa, kada ki yarda da duk wanda ya ce miki ba sa ci. A gajarta igiya.

13. Ganye yana yin rawaya daga ƙasa, idan na ja sai ya zare. Mene ne?

Ruɓewar wuya ce, cutar da ta fi kashe liriyofi. Wata ƙwayar cuta mai son jiƙaƙƙiyar ƙasa, Phytophthora, ita ce kan gaba wajen kawo ta. Rawayar tana farawa daga gindin ganye ta hau sama, gindin ya yi laushi ya yi ruwan ƙasa, saiwa ta baƙanta. A nan an fi ganinta a tsakiyar damina, kuma kusan kullum akwai ɗaya daga cikin uku: an zurfafa dashe, ruwa yana kwanciya, ko ana ci gaba da ban-ruwa alhali sama na zubarwa.

Mutane da yawa idan suka ga rawaya sai su ƙara ruwa da taki, su ƙarasa ta. Wadda ta kamu a cire ta da ƙasar gindinta a fitar daga gida, kada a jefa a ramin taki. A buɗe wa ruwa hanya. Kada a mayar da sabuwa cikin ramin nan sai an ɗaga wurin an sauya ƙasa, domin cutar tana daɗewa a ciki. Feshi ba ya tayar da wadda ta riga ta ruɓe. Kuma sau da yawa daga wurin saye ake kawo ta, shi ya sa duk ledar da ganyenta na ƙasa ya yi rawaya a bar wa mai ita (tambaya ta 3).

14. Bakin ganye ya bushe, wasu kuma suna da ɗigo-ɗigo ja.

A duba lokaci. Idan da hunturu ne, kuma bakin kawai ya bushe babu ɗigo, iska ce da ƙishirwa, a koma tambaya ta 9. Idan da damina ne, ɗigon ja-ja ne mai kewayen rawaya a baki da gefen ganye, cutar naman gwari ce da ke yaɗuwa ta fantsamar ruwa. Yana ɓata kyau amma bai cika kisa ba. Maganinsa daina jiƙa ganye da tiyo, da aski tare da kwashe tsohon ganye. Ganyen da aka gatsa da dare kuma aikin dodon koɗi ne, a fito da tocila a tsince su.

15. Sai an yi mata aski?

Ba kowace shekara ba. Idan ganye yana da kyau a bar shi, a cire matattun da hannu. Idan hunturu ko ɗigo ya ɓata shi, a yanke duka da almakashin lambu ko lauje mai kaifi, a bar santimita 7 zuwa 8. Lokacinsa ƙarshen rani, wajen Maris, kafin sabon toho. A buɗa tsakiyar dunƙulen a leƙa tukuna: idan toho ya riga ya taso aka datse kansa, da guntulallen baki zai shekara. Banda ƙonawa da wuta, ko da kuwa mai gadi ya ce haka ake yi wa ciyawa.

16. Yaya zan ninka ta? Ko in shuka 'ya'yan?

Rarrabawa ce hanya. Dunƙulen da ya shekara 3 a tone shi gaba ɗaya farkon damina, a sara da adda ko shebur gida 4 ko fiye, kowane kashi da ganye da saiwarsa, a dasa ranar. Da haka layin gefen hanya ɗaya zai wadata gida har a ba maƙwabta. Ba dole ba ne a rarraba don lafiyarta, tana iya zama shekaru a wuri guda.

Iri kuwa wahala ce. Sai an wanke naman 'ya'yan tas, domin yana hana tsiro, fitowar tana da jinkiri, kuma abin da ya fito ba lallai ya ɗauko ratsi ko launin uwar ba. Masu son yo odar wani iri daga waje su sani cewa shigo da tsiro mai rai yana bukatar izinin NAQS, wato hukumar Najeriya mai sa ido kan shigo da tsirrai da dabbobi, da takardar shaidar lafiyar tsiron.

17. Kiri-kiri da aya-aya sun shiga cikinta. Kuma har yanzu ba ta yi fure ba.

Ciyawar ita ce ainihin aikin shekarar farko. Kiri-kiri, tofa da aya-aya duk ta ƙarƙashin ƙasa suke tafiya, kuma idan suka saƙa cikin dunƙule raba su sai an tone. Shi ya sa ake share wuri, a ba shi ruwa, a jira abin da zai fito, a sake sharewa, sannan a dasa. Bayan dashe a rufe tsakani da buntun shinkafa ko busasshen ganye, kauri kamar yatsu uku, ba tare da ya taɓa wuya ba. Maganin feshi na gilaifoset ba ya bambancewa, da ita zai haɗa. Akwai masu kashe dangin ciyawa kaɗai, irin fuluwazifof, waɗanda ke kama kiri-kiri su bar liriyofi, amma ba sa taɓa aya-aya, kuma a fara gwadawa a ɗan lungu.

Fure kuma, a ƙasashenta daga Agusta zuwa Oktoba take yi. Sabon dashe, inuwa mai duhu da yawan taki duk suna rage shi. Shawarata a saye ta don ganye, idan fure ya zo a ɗauke shi gyara.

18. Bayan gidana gangare ne, ruwa na kwashe ƙasa. Za ta riƙe?

A nan mai rarrafe take da rana. A dasa ta layi-layi a gicciye da gangaren, a tokare da duwatsu har ta kama, cikin damina biyu saiwarta za ta saƙe saman ƙasa. Amma saiwar ba ta nisa. Inda ruwa ya riga ya fafe kwazazzabo, ko gefen tsohon kududdufin haƙar kuza irin na wajen Bukuru da Rayfield, aikin ya fi ƙarfinta. Can sai jema mai zurfin saiwa, da magudanar ruwa ta gini.

19. Na riga na dasa mai rarrafe a gefen fulawoyina, ta fara shiga ko'ina. Mene ne abin yi?

A tone ta tun yanzu, lokacin da ƙasa ke da laushi, a bi kowace farar jijiya har ƙarshenta, domin guntun da aka bari zai sake tsirowa. Za a maimaita sau biyu ko uku cikin damina. Wanda yake son ya riƙe ta sai ya yi mata shinge na siminti ko roba mai kauri da ya nutse aƙalla santimita 30 cikin ƙasa, ya kuma riƙa sare abin da ya tsallako sau biyu a shekara. Abin da aka tone a shanya shi a rana ya bushe ƙurmus kafin a zubar, kada a watsa shi ɗanye a bakin rafi ko bayan katanga. Idan kuwa akwai gangare irin na tambaya ta 18, maimakon a shanya shi a kai shi can a dasa.